Dokina ya yi sati takwas a ɗaki, yanzu ya fi ƙarfin hannuna

Mai Bidi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu dawaki. Ina neman shawararku a kan abin da ya hana ni barci kwana biyun nan.

Ina da doki bidi, shekararsa 8, namiji ne ba a dandaƙe shi ba. Shekara biyar ke nan muna tare. Doki ne da yaro ɗan shekara goma zai ja shi ya kai shi shan ruwa ya dawo da shi, ko kunne ba ya kwantar wa mutum. Sati tara da suka wuce muka fita kilisa, a hanyar dawowa na sassauta masa linzami ya ɗan yi sukuwa a wani wuri mai zurfin yashi, sai na ji takunsa ya canza. Na sauka na dudduba ban ga komai ba. Wayewar gari bayan ƙwaurin ƙafarsa ta gaba ta hagu ya kumbura, ya lanƙwaso waje kamar baka, in ka ɗora hannu sai ka ji zafi rau.

Likita ya zo da na'urarsa ya yi masa sikanin, ya nuna mini wani baƙin tabo a tsakiyar agarar, wato babbar jijiyar bayan ƙwaurin, ya ce nan ne zaruruwan jijiyar suka tsinke. Ya ce a sa shi a ɗaki, ba hawa, ba kilisa, ba fita, sai ruwan sanyi a ƙafar da ɗaurin bandeji. Ɗakin mita 4 ne a tsaye, mita 4 a kwance. Haka muka yi sati takwas cur. Makon jiya ya dawo ya sake sikanin, ya ce tabon ya fara cikewa, a fara jansa da hannu minti 10 da safe, minti 10 da yamma, tafiya zalla, a ƙasa mai tauri marar gargada.

Na yi murna, na ce wahala ta ƙare. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Ranar farko da na buɗe ƙofa, wanda ya fito kamar ba dokina ba. Wuya a sanƙare, wutsiya a ɗage, hanci a buɗe yana huci, ƙafafu ba sa zama a ƙasa. Na lallaɓa muka cika minti goman da kyar. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku, shekaranjiya ke nan, muna cikin tafiya iska ta ture wani bokitin ƙarfe da aka bari a kan dakali, ya faɗo ƙwaram. Kafin in ankara ya yi tabarya, ya miƙe a kan ƙafafun baya, na ga kofatansa a saitin fuskata. Da ya sauko sai ya zabura ya zagaye ni sau biyu yana harbin iska. Igiyar ta zurare a hannuna ta ɗaye mini fatar tafi, tun daga gindin babban yatsa har gefen ƙaramin. Allah ya taimake ni ban sake ta ba.

Ba hannun ne ya dame ni ba. Da dare na shafa ƙafar na ji ta ɗan fi 'yar'uwarta ɗumi. Na sakar mata ruwan sanyi minti 20, da safe ɗumin ya tafi, kuma ba ya ɗingishi. Amma jiya da yau ban fito da shi ba, gabana faɗuwa yake yi in na nufi ƙofar. A ɗakin ma ya canza hali. Yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, ya gwaguye katakon ƙofa har ya yi rami, wani lokaci kuma ya tsaya a bakin ƙofar yana rangaji, ya jefa nauyinsa dama ya jefa hagu, ba ya dainawa sai na yi masa magana.

Abincinsa ban taɓa shi ba, don na ga majinyaci ne, ina so ya samu ƙarfin warkewa. Hatsi kilo 4 a rana, biyu da safe biyu da yamma, kamar lokacin da yake aiki, sai busasshiyar ciyawa sau biyu. Akwai dawaki biyu a bargar, amma da sassafe ake fita da su, sai yamma suke dawowa, shi kaɗai yake wuni.

To yaya zan yi? In sake shi a fili ya yi gudunsa sau ɗaya ya huce? Ko in sa masa doguwar igiya in tsaya a tsakiya ya yi ta zagaye har ya gaji? Wani kuma ya ce mini akwai allurar da ake yi wa doki ta kwantar masa da hankali, ita ma ina so in ji daga bakin wanda ya santa. Likitan ya yi tafiya sai ƙarshen mako, wayarsa ba ta shiga.

Ɗan Sukuwa:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a ganina kai kake wahalar da kanka. Doki ai ba kaza ba ne da za a rufe shi a akurki wata biyu a ce ya fito yana tafiya salin-alin. Tunda ka ce ba ya ɗingishi, ka kai shi fili mai shinge, ka zare masa ragama ka koma gefe. Zai yi tutsu, ya yi birgima, ya yi gudu na minti biyar, shi ke nan ya sauke abin da ke kansa. Nawa haka nake yi masa duk sanda ruwan sama ya tsare mu kwana uku ko huɗu, in ya gama sai ka ga ya dawo kamar tunkiya. Allah ya ba shi lafiya.

Tsohon Mahayi:

Ɗana Mai Bidi, sannu da hannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗan Sukuwa ka yi mini haƙuri, shawararka ta lafiyayyen doki ce. Naka ruwan sama ne ya tsare shi, nasa agara ce ta tsinke. Kada ka sake shi, ɗana. Ko na minti ɗaya kada ka sake shi.

Ni na yi wannan kuskuren da hannuna, shi ya sa nake maka magana da ƙarfi. Na taɓa samun wata godiya akawal, irin wannan ciwon ne ya same ta a ƙafar dama. Wata uku ina jinyarta. Na ga kumburi ya saɓe, ɗingishi ya tafi, kullum tana leƙo kai tana yi wa 'yan'uwanta haniniya. Tausayi ya kama ni, na buɗe mata fili. Har yau ina ganin abin a idona. Gudu ɗaya ta yi zuwa ƙarshen shinge, ta yi zamiya, ta juya a kan ƙafar nan, ta dawo mini a kan ƙafa uku. Duka-duka ba a yi minti biyu ba. Ciwo na biyu ya fi na farko muni, kuma ba ta ƙara ɗaukar sirdi ba har ta bar duniya. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne zafin ciwo yana riga warkewa tafiya. Doki kuwa in ba ya jin zafi, a wurinsa ya warke, ba wanda zai gaya masa cewa agararsa ɗanya ce. Kai ne za ka riƙe masa hankali har ranar da ƙafar za ta iya ɗaukar abin da zuciyarsa take so.

Amma duk cikin bayaninka abin da ya fi tsaya mini a rai kilo huɗun nan ne. Ɗana, da hannunka kake hura wutar da kake neman kashewa. Hatsi abincin aiki ne. Dokin da yake tsaye a ɗaki dare da rana, kana ɗura masa abincin mai sukuwa, ina kake so ya kai ƙarfin? Dole ya fito ta tabarya da harbi da cin ƙofa. Ka janye shi. Ka riƙa zare rabin kilo kullum, cikin mako guda ya zama saura ɗan abin da zai ji motsinsa a kwano lokacin da ake zuba wa 'yan'uwansa, don kada ya ga an ware shi ya tada hankali. Gurbin hatsin ka cike shi da ciyawa.

Sai maganar ja. Ka daina fitowa da shi da ragama kaɗai, ragama ba ta riƙe dokin da ya yi niyya. Ka sa masa linzami mai sauƙi, ba mai kaifin da zai fasa masa baki ba, don zafin baki shi ma yana sa doki tabarya. Igiyarka ta zama doguwa, mita 4 ko sama da haka. Amfaninta, in ya tashi sama ka zura masa ita ka matsa gefe, yana hannunka amma kofatonsa bai kai gare ka ba. Dokin da ya miƙe ba a finciko shi ƙasa. Kana ja yana ƙara miƙewa, har ya iya kifewa ta baya. Ka bari ya sauko da kansa, yana saukowa ka tura shi gaba a ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba, ba duka, ba ihu. Ragowar igiyar kuma ninke ta ake yi a tafin hannu, ba a naɗe ta a yatsu ko a wuyan hannu. Na san wanda ya rasa yatsu biyu ta haka. Ka sa safar hannu, da rufaffen takalmi, da hular kwano. Kada ka ji kunyar sa hular don a ƙasa kake, kai ka ce ka ga kofato a saitin fuskarka. Ka tsaya daidai kafaɗarsa, kusa da jikinsa. In ka samu mutum na biyu mai natsuwa, ya riƙe wata igiyar ta ɗaya gefen, ku sa shi a tsakiya.

Lokacin fitar ma ka sake shi. Sanyin safiya da iska su ne suke tada doki, haka lokacin da ake fita da 'yan'uwansa yana kallo. Ka bari sai rana ta ɗaga, ya ci ciyawa cikinsa ya yi nauyi. Kafin ka buɗe ƙofa ka zagaya hanyar da za ku bi da ƙafarka, ka kwashe bokiti da leda da duk abin da iska za ta iya kaɗawa. Kuma hanya ɗaya za ku riƙa bi kullum har ta gundure shi. Gundurar nan ita muke nema.

Mai Bidi:

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Labarin godiyarka ya sa jikina ya yi sanyi, don wallahi jiya da yamma saura kaɗan in buɗe masa filin. Maganar hatsi kuwa ko kusa ban kawo ta a raina ba. Ni gani nake gata nake yi masa.

Sai dai ina da fargaba biyu. In na janye hatsin ba zai rame ba, ko warkewar ta ja baya? Na biyu, zagaye da doguwar igiya fa? Na ga shi ba sakinsa na yi ba, yana hannuna, kuma zai rage masa zafin kai kafin mu fara tafiyar. Maganar allura ma har yanzu ina jiran wanda zai ce wani abu.

Maman Duƙushi:

Malam Mai Bidi sannu, ya jikin dokin, ya hannu? Aikina duba lafiyar dabbobi ne, dawaki kuma su na fi mu'amala da su. Ban ga dokinka ba, don haka maganar likitanka ita ce gaba da tawa. Abin da Baba ya faɗa duka haka yake, zan ɗora a kai ne kawai.

Ka fara da wannan: tunda ƙafar ta yi ɗumi bayan abin da ya faru, ka gaya wa likitan da zarar ka same shi, ka roƙe shi ya sake sikanin. Rashin ɗingishi ba shaida ba ce a ciwon agara. Kafin ya zo, safe da yamma ka shafa ƙafafun gaba biyun tare, hannu ɗaya a kowace, daga bayan gwiwa zuwa ƙasa. In ka ji ɗumi, ko sabon kumburi, ko ya janye ƙafa in ka matsa wurin a hankali, a dakata da tafiya.

Zagaye da doguwar igiya kada ka yi. A da'ira nauyin doki ba ya sauka daidai a ƙafafunsa, gefe ɗaya na agarar yake ɗaukar fiye da rabonsa, ga murɗiya a kowane taku. Kuma dokin da ya tara kuzari irin naka ba tafiya zai yi a ƙarshen igiya ba, sukuwa zai yi yana tutsu, kai kuma kana nesa ba ka da iko da shi. Kusan ɗaya ne da sakinsa a fili.

Dalilin duk wannan takatsantsan shi ne yadda agara take warkewa. Lafiyayyar agara zaruruwa ne a jere, duk sun miƙe sun fuskanci wuri ɗaya kamar igiyar da aka tufka da kyau. In ta tsinke, jiki yana fara cike gurbin da wani irin zare mai rauni, a hargitse, wannan ya nufi nan wancan ya nufi can. Shi ne ya sa baƙin tabon ya fara ɓacewa a sikanin, amma cikewa daban, ƙarfi daban. Tafiyar minti goman nan ita ce take ja wa sababbin zaruruwan layi, kaɗan-kaɗan suna miƙewa suna ƙarfi. Ka ga ashe tafiyar magani ce, ba shan iska ba, shi ya sa barinta gaba ɗaya ma ba alheri ba ne. Aikin yakan ci wata 9 zuwa 12, wani ya wuce haka. Ko bayan an gama, wurin tabon ba ya talewa kamar asalin agara, shi ya sa ciwon yake yawan dawowa, sau da yawa a bakin tsohon tabon. Zuciya da huhu da tsoka suna dawowa cikin makonni, agara da ƙashi sai watanni. Doki zai ji ƙarfi a jikinsa tun ƙafarsa ba ta shirya ba.

Rama kuwa kada ta dame ka. Doki yana buƙatar busasshiyar ciyawa kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana. In nauyinsa kilo 450 ne, kilo 7 zuwa 9 ke nan. Ka auna da sikeli, kada ka yi da ido. Ciyawa mai kyau, da gishirin lasa, da ɗan abin da likita zai rubuta na ƙarin sinadarai sun ishi dokin da ke hutu. Ƙiba ma ita ce abin gudu, don ƙarin nauyi ne a kan ƙafar da ke jinya. Akwai wani haɗarin kuma: dokin da aka bar wa cikakken hatsi yana hutu, ranar da ya motsa da ƙarfi naman ƙugu da cinyoyinsa na iya ƙullewa, ya sandare yana gumi, fitsarinsa ya yi duhu.

Ba yawan ciyawar kaɗai ba, har da yadda ake ba shi. Doki a sake yakan yi awa 14 zuwa 16 a rana yana kiwo, kansa a ƙasa, yana taku a hankali. Tumbinsa ƙarami ne, kuma yana zubo ruwan tsami dare da rana ko da abinci ko babu. In ka zuba ciyawa sau biyu ya cinye cikin awa ɗaya, sauran wunin ciki fayau, tsamin nan yana cin bangon tumbi. Haka gyambon ciki yake kama dawakin da ke tsare, mai gyambo kuma ba ya rasa saurin fushi. Ka samu ragar ciyawa mai ƙananan ƙofofi, wadda sai ya yi ta tsinko kaɗan-kaɗan, ka rataye ta inda kofatonsa ba zai shiga ba. Ruwa kuma kada ya yanke, ka riƙa lura da yawan da yake sha da yawan kashinsa, don rashin motsi yana rage tafiyar hanji, kashi ya taru ya toshe ya zama ciwon ciki.

Rangajin da yake yi a bakin ƙofa, kaɗaici ne. Doki dabbar garke ce. In da hali, a riƙa barin ɗaya daga cikin dawakin nan biyu a ɗakin da ke kusa, inda zai gan shi, ko su riƙa karɓa-karɓa. Wannan kaɗai yakan yi abin da allura ba ta yi ba.

Allurar kuwa akwai ta, kuma ba abin kunya ba ne a yi amfani da ita a kwanakin farko, gara ita da sabon tsinkewa. Amma ba abin da za ka saya ka yi da kanka ba ne. Wadda aka fi sani ita ce acepromazine. Tana son a ba doki yana cikin natsuwa, a jira kamar rabin awa zuwa minti 45 kafin a fito da shi. In ya riga ya tashi, ba ta cika kama shi ba, kuma ko ta kama, ƙara mai ƙarfi na iya farkar da shi. Tana saukar da matsin jini a jijiyoyi, ba ta kashe zafi. Abin da ya shafe ka kai tsaye: a namijin da ba a dandaƙe ba, takan sa gabansa ya sauko ya kasa komawa. Ba kullum ba ne, amma in ya faru babbar matsala ce, don haka likitoci suke kaffa-kaffa da ita a irin dokinka. Xylazine da detomidine sun fi ta ƙarfi, sai dai suna sa doki tangaɗi, kuma yana iya kai harbi ba zato alhali kansa na rataye kamar mai barci. Akwai kuma na sha da ake bayarwa kullum, irin su trazodone. Likitanka ne zai zaɓa, shi ya san nauyin dokin da lafiyarsa.

Ɗan Sukuwa:

Baba, Hajiya, na karɓi gyara, ban san abin ya kai haka ba. Yaya ka yafe ni. To amma yaushe ne za a sake shi? Ai ba zai dawwama a hannu ba.

Maman Duƙushi:

Ƙanena, sai sikanin ya ba da izini, kuma yawanci sai bayan doki ya daɗe da komawa aiki a ƙarƙashin mahayi, ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ƙafar ba ta yi magana ba. Mutane suna mamakin wannan, amma mahayi yana iya hana doki gudu, fili ba ya hanawa. Ranar farko ma ba babban fili ba, ɗan keji za a kewaye wanda bai fi ɗakinsa sau biyu ba, yadda ba zai samu wurin ɗaukar gudu ba. A fitar da shi bayan ya gama aikin ranar, da 'yar yunwa, a tara masa ciyawa a ƙasa, a tsayar da doki mai sanyin hali a gefe, mutum kuma ya tsaya yana kallo. In akwai ɗanyar ciyawa a wurin, a fara da kamar minti 15 a riƙa ƙarawa, don cikinsa ya manta da ita.

Mai Bidi:

Salamu alaikum. Yau kwana 12 da maganarmu, na ga ya kamata in dawo in gaya muku inda aka kwana.

Likita ya dawo ya sake sikanin, Alhamdu lillahi babu sabon tsinkewa. Na karanta masa abin da kuka rubuta, ya ce hatsin nan da ya san ban rage ba da tun ranar farko ya hana. Ya ce mu gwada mako guda ba magani mu gani, saboda dalilin da Hajiya ta faɗa. Har yau ba mu kai ga allurar ba.

Hatsi ya koma rabin kilo. Ciyawa na auna, ashe abin da nake ba shi bai kai kilo 5 ba, yanzu 8 yake ci a raga, tana kai shi har dare. Na roƙi mai tsohon dokin da ke bargar, wani dandaƙaƙƙe mai sanyin hali, ya yarda ana barinsa a ɗakin kusa har azahar. Rangajin bai tafi duka ba, yana yi in an zo fita da tsohon, amma ba kamar da ba. Cin ƙofa ya daina.

Kwana huɗun farko mu biyu muke jansa, ni da ƙanena, a cikin layin bargar kawai, mu je bango mu dawo. A rana ta biyar muka fita waje, wata tattabara ta tashi fir daga kan rufi, ya sake miƙewa. Baba, maganarka ce ta faɗo mini. Na zura masa igiya na matsa gefe, ban ja ba. Ya sauko, ya tsaya yana huci yana kallona, na ce masa mu je, muka ci gaba. Gwiwoyina suna rawa har muka koma, amma daren nan ƙafar sanyi ƙalau.

Na lura da wani abu. Kusan kullum minti shida ko bakwai na farko su ne masu wuya, wuyansa a sama, kunnuwa suna juyawa ko'ina. Daga nan sai ka ji ya saki wani dogon numfashi ta hanci, furrr, ya sauke kai daidai kafaɗata, igiya ta yi laushi a hannuna. In na ji wannan numfashin na san mun tsira a ranar. Shekaranjiya kuma da na shiga da asuba na tarar da shi a kwance ya miƙe ƙafafu, da ya tashi duk gezarsa ciyawa. Rabon da in ga alamar ya kwanta tun kafin a fara fito da shi.

Yanzu muna minti 15 sau biyu a rana, ni kaɗai nake jansa, da linzami da hular kwano. Likita ya ce a riƙa ƙara minti 5 duk mako in ƙafar ba ta yi ɗumi ba, sai mun kai minti 40, sannan a sake sikanin kafin a yi maganar hawa. Hannuna ya warke, saura tabo.

Wata tambayar kuma, Baba. Jiya ina goge shi na ga naman bayansa ya zube, ƙashin doronsa ya fito fiye da da. Na ɗora sirdin a kansa ba tare da na ɗaure ba, don in gani kawai, sai na ga gabansa ya zauna a kan ƙashin. In lokacin hawa ya zo, ƙarin shimfiɗa zan yi a ƙarƙashi, ko sirdin ne za a sake wa gyara?